Wayar Yaya Ta Yi Shiru

Shekara talatin da huɗu Mai Makulli ya yi a rumfa ɗaya, a bakin hanyar da ta raba kasuwa da tashar mota. Rumfar ba ta fi faɗin tabarma biyu ba. A cikinta akwai injin yankan makulli mai kukan da ke sa haƙori tsami, da magagari uku, da allon katako da ya jera wa ƙusoshi ya rataye makullan da ba a yanka ba tukuna, sai wani tsohon gwangwanin madara cike da matattun kwaɗunan ƙofa da ya ƙi zubarwa. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a kasuwar. Mutum ɗaya ce a duniya ba ta kiransa Mai Makulli, wato yayarsa, wadda har ya yi furfura Auta take ce masa.

Mutum ne mai fara'a, irin wanda haƙoransa ke riga gaisuwarsa fitowa. Amma a kan aiki ba shi da sauƙi ko kaɗan. Ba ya yanka makulli daga hoto, ba ya yankawa daga shatin da aka danna a jikin sabulu, ba ya yanka wa ɗan aike. Maganarsa ɗaya ce: "Ka kawo ƙofar, ko ka kawo mai ƙofar." Wata rana da tsakar rana wata mata ta zo masa da goyo tana hawaye, ta ce makullinta ya faɗi, maigidanta kuma ya yi tafiya. Ya ɗauki jakarsa ya bi ta. Da suka isa ya tambayi maƙwabta, aka rasa wanda ya santa, don ba su daɗe da tarewa ba. Ya tattara kayansa ya juya, ya bar ta zaune a dakali har yamma. Daga baya ta tabbata ɗakinta ne. Ya je ya ba ta haƙuri, ya yanka mata makulli biyu kyauta, sannan ya ce mata, ba kunya ba tsoron Allah, ko gobe aka sake haka zai yi.

Yaya ce ta raine shi. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu, ita tana sha uku, ita ta goya shi, ita ta cire masa ƙaya, ita ta riƙa dukan duk wanda ya dake shi, sannan ta dawo gida ta ƙara masa nata. Ta yi aure, Allah ya ba ta ɗa guda ɗaya tak, mijin ya rasu, ɗan ya girma ya zama direban babbar mota. Da farko yana zuwa duk wata. Daga nan sai waya. Daga nan wayar ma ta koma sai an kira shi, har ranar da aka kira lambar aka ji ba ta aiki.

Mai Makulli ya rufe rumfa kwana shida ya tafi nemansa. Ya bi tashoshi uku, kowa da abin da yake faɗa: wani ya ce ya yi aure ya ƙara gaba, wani ya ce ya bar tuƙi, wani ya ce bai taɓa jin mai irin wannan suna ba. Ya dawo hannu rabbana. Yana shan kwanar layinsu ya hango Yaya tsaye a bakin ƙofa, ta kare ido da tafin hannu. Duk maganar da ya shirya a mota ta gudu.

"Na gan shi, Yaya. Lafiyarsa ƙalau, har ya yi ƙiba. Inda yake aiki ne waya ba ta shiga. Amma ya ce duk farkon wata zai riƙa yi miki aike."

Ita ƙarya, in ka haife ta, sai ka ciyar da ita. Ya san in ya miƙa mata kuɗi da hannunsa za ta gane, don ta san shi kamar yunwar cikinta. Sai ya buɗe mata asusu a banki, ya haɗa da 'yar ƙaramar wayarta mai maɓallai. Ran ɗaya ga wata, da safe kafin ya kunna inji, sai ya tura mata ɗan abin da ya samu daga tasa wayar. Can a gidanta wayar ta yi ƙara sau biyu a ƙullin zaninta. Yaya ba ta karatu, ga kuma yanar ido ta fara rufe mata gani. Da yamma sai ya biya, ta miƙo masa wayar da hannu biyu.

"Karanta min, Auta."

Shi kuwa ya gyara murya, ya dubi lambobin banki da babu ko gaisuwa a cikinsu, ya ce, "Daga yaronki ne. Ya ce yana gaishe ki, ya ce ki riƙa shan maganinki."

"Ja'iri. Shi ya san ina shan magani?"

"To, ni na gaya masa."

Ya kuma ja mata kunne kada ta kuskura ta ba kowa wayar, ko 'yarsa Malama, don 'yan damfara sun yi yawa. Ta riƙe wannan gam. Kuɗin kuwa ba ta ci. Da su ta sayi katifa, ta sa labule, ta gyara ɗakin da yaron zai sauka in ya dawo, kullum sai ta share shi. Ba kuɗin ne ke riƙe da ita ba. Ƙarar nan sau biyu ita ce shaidar cewa ɗanta yana numfashi a wani wuri, kuma bai manta wadda ta haife shi ba. Shekara tara ana haka.

Abin haushi, shi da ke tsoratar da ita da 'yan damfara, shi suka fara kamawa. A shekara ta bakwai, wata ranar kasuwa, rumfa cike, wani mai murya mai daɗi ya kira shi ya ce daga banki ne, za a rufe masa asusu in bai karanto lambar da aka turo masa yanzu ba. Ga inji na kuka, ga mutum uku na jira, ya karanto. Kafin ya gama goge makullin da ke hannunsa an share shi tas. Asarar ta yi masa ciwo, amma kunyar ta fi. Mai Makulli guda, a ce shi ya miƙa wa ɓarawo makulli da bakinsa! Mai shayin da ke kusa da shi ya yi wata guda yana tsokanarsa, yana cewa ko zai ba shi aron kwaɗo.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya je banki ya zauna gaban wata yarinya mai tabarau ya ce ta rufe masa kowace ƙofa. Kati, ba ya so. Lambobin da ake dannawa a tura kuɗi, a kashe su. A bar masa hanya ɗaya, wadda ba a karanto ta a waya. Yarinyar ta ce akwai ta fuska: manhajar bankin da ke wayarsa za ta dube shi, ta ce ya ƙifta ido, ya juya kai, ya yi murmushi, don ta tabbatar mutum ne mai rai ba hoto ba.

"Amma Baba, in ka bar wannan kaɗai, duk duniya ba mai iya buɗewa sai kai."

"Yauwa 'yata, abin da na zo nema ke nan."

Ya yi wa wayar murmushi, ta buɗe. Ya fito yana yaba wa wanda ya ƙirƙiro abin, yana cewa ko wane ne, ɗan sana'arsu ne.

Shekara biyu bayan haka, wata Talata da hantsi, magagari ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, bai taso ba. Hawan jini ne, likita ya ce, ya taɓa ɓarin dama. Ya yi mako uku a asibiti. Da aka sallamo shi, hannun dama ya zama kaya, ƙafar sai ja, harshe ya yi nauyi har kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Fuskar kuma ta rabu biyu: hagu nasa ne, dama kuwa ta zube, gefen baki ya rataya, idon ba ya rufuwa duka.

Malama, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta dawo da shi gidanta, don matarsa ta daɗe da rasuwa. Yaya ko shawara ba ta yi da kowa ba, ta kulle nata gidan, ta ɗauro ƙullin kayanta ta zo. Ta ce ita ta koya masa tafiya da farko, ba wanda zai koya masa ta biyu. Kullum da safe sai ta ɗuma man shafawa a murfin tukunya ta zauna tana murza masa matattun yatsun nan ɗaya bayan ɗaya.

Ran ɗaya ga wata, da ya ga ɗakin ba kowa, ya jawo wayarsa da hannun hagu ya jingina ta da filo. Ta ce ya dubi kyamara, ya duba. Ta ce ya juya kai, ya juya. Ta ce ya ƙifta ido, ido ɗaya ya ƙifta. Ta ce ya yi murmushi. Ya yi iya ƙoƙarinsa, rabin bakin ya tashi, rabin ya ƙi, miyau ya gangaro masa a haɓa. Wayar ta yi ɗan nazari ta ce ba ta gane wannan fuska ba. Sau uku ya gwada, ta kulle kanta sai gobe.

Gobe ma haka, jibi ma haka. Ya sa aka ajiye masa madubi, wai don aski, ya riƙa koyon murmushi a ɓoye kamar mai shirin zuwa zance. Ya gwada tallafe gefen bakin da yatsa, wayar ta ce ya cire hannu daga fuska. Ya gwada kwanciya ta ɓarin hagu ko naman zai zubo daidai. Wani abin in ka gani sai ka yi dariya, in ka tuna kuma sai dariyar ta maƙale. Abin da ya fi cin ransa shi ne ya kasa ko jin haushin wayar. Mutumin da ta sani mai fara'a ne, wannan kuwa wani baƙo ne ya zo da labari. Da shi ne a matsayinta, da tuni ya tattara jakarsa. Sau da yawa matar nan mai goyo takan faɗo masa a rai, zaune a dakali cikin rana.

Yaya ta yi kwana biyar ba ta ce komai ba. Ran na shida ta ce wa Malama, "Ke, kira ni daga taki in ji ko tawa ta lalace."

"Kawo in duba miki, Gwaggo."

"A'a, daga nan ma ya isa."

Malama ta kira, wayar ta yi ƙara a ƙullin zani, lafiyarta lau. Yaya ta ce to, ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

Mai karatu zai ce, me ya hana shi gaya wa 'yarsa ta tura daga nata asusun? Ni ma na faɗa a raina. Amma sai ka san mutanen. Malama zuciyarta fara ce, bakinta ne ba shi da murfi: abin da ya shiga kunnenta da safe, Gwaggo ta ji shi kafin rana ta take. Ga shi ta daɗe tana cike da ɗan gwaggon nata, wanda a ganinta yake sayen uwa da aike. Shi kuma Mai Makulli, wanda ya yi rayuwarsa yana cewa makullin da aka yanka biyu ya zama na kowa, ya gwammace ya ci gaba da kokawa da bakinsa. Taurin kai ne, ba na musu. Amma shekara tara ya yi yana gadin ƙofar nan shi kaɗai.

Da wata na biyu ya kama wayar Yaya ba ta yi motsi ba, sai ta fara barin abinci a kwano. Zaninta ya fara yi mata yawa. Wata safiya tana murza masa hannu, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Auta, uwa tana ji a jikinta. In ya mutu ne kuke ɓoye min, ku gaya min in yi kukana."

Ya girgiza kai da ƙarfi har filo ya zame.

"To me ya same shi? Shekara tara bai taɓa saɓawa ba."

Ya buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ce. Ta goge masa haɓa da gefen mayafinta.

A ranar ya nuna wa Malama alamar banki a wayarsa, ya yi ta nunawa har ta gane. Ta ɗauka kuɗin magani ne ke damunsa, ta ce, "Haba Baba, ina raye?" Ya ƙi sauke yatsa. Ta nemi izini a makaranta ta ɗauko mota.

Ofishin da ake ɗaukar fuska a bene yake. Masu gadi biyu suka ɗaga shi da kujerar roba, suna nishi, mutanen layi na matsawa suna sannu. Yarinyar mai tabarau tana nan. Ta dubi katinsa, ta dube shi, ta sake duban katin, sai ta toshe baki da hannu. Ta ce dole a kawo takardar likita. Suka koma, suka kawo. Ta ce takardar ba hatimi. Suka koma, aka buga, aka sake ɗaga shi a kujera. A zuwa na uku aka ɗauki sabuwar fuskar, aka cire masa sharaɗin murmushi, aka ce sai babban ofishi ya amince, kwana goma sha huɗu na aiki.

Malama ta fusata. "Ga mutum a gabanku, ga 'yarsa, ga takarda! Sai ya mutu za ku yarda shi ne?"

Yarinyar ta sunkuyo wajensa, idonta ya kawo ruwa. "Baba, wallahi ba wulaƙanci ba ne. Akwai masu kawo tsofaffi marasa lafiya su kwashe musu komai, wani lokaci 'ya'yan cikinsu ma. Don kare ka ne."

Ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da 'yarsa, ya gyaɗa wa yarinyar kai. Ya fi kowa a ɗakin sanin gaskiya ta faɗa.

Saƙon amincewar ya zo wata Alhamis da safe, wata na uku ya kwana huɗu. Malama tana makaranta. Yaya ta gama murza masa hannu ta fita tsakar gida shanya. Ya kasa kunne har ya ji ƙarar bokiti can nesa, sannan ya jingina wayar da filo. Ta dube shi, ya juya kai, ta buɗe.  Da babban yatsan hagu ya lalubo sunan Yaya, ya haɗa na wata uku ya tura. Har ya shirya abin da zai ce mata da yamma, in harshen ya yarda: yaron ne ya yi rashin lafiya, amma ya warke.

Maimakon a ce ya tafi, sai allon ya rubuta ana dubawa. Sai wayar ta hau ƙara. Tun da ya kwanta Malama ta saita ta yadda duk kiran da ya amsa a sifika yake fita, don hannunsa na rawa, tana yawan faɗuwa. Ya amsa.

Muryar mace ce, mai ladabi, ta cika ɗakin. Ta ce daga sashen tsaro na banki take, ba za ta tambaye shi wata lambar sirri ba. Sun ga an tura kuɗi daga asusun da aka sake buɗewa yau, zuwa ga wata, ta kira cikakken sunan Yaya, har da na mahaifinsu. "Mun ga shekara da shekaru kana tura mata duk farkon wata, Baba, amma wannan ya fi na kullum, kuma ka yi rashin lafiya. Shi ya sa muke so mu ji daga bakinka. Kai ne ka tura?"

Inuwa ta rufe hasken ƙofa. Yaya ce, ta dawo ɗaukar sauran kayan wanki, hannunta jiƙe da ruwa. Idonta ne ya mutu, kunnenta garau yake.

Ya dube ta, ta dubi inda yake. 

"Baba? Ban ji ka ba. In ba kai ba ne, yanzu zan tsayar da shi in rufe asusun."

Yaya ta shigo a hankali, ta zauna a bakin gado inda ta saba zama. Ta goge hannunta da zani, ta daɗe tana gogewa.

"Ka amsa mata mana, Auta. Yarinyar mutane na jira."

Ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa. Tun da ya faɗi bai furta kalma biyu da suka fito sarai kamar waɗannan ba.

"Ni ne."

Matar ta yi godiya, ta yi masa fatan samun sauƙi, ta ce suna nan kullum don kare dukiyarsa. Ta kashe. Ba a yi minti ɗaya ba, ƙullin zanin Yaya ya yi ƙara sau biyu.

Ba ta kai hannu ba. Ta zauna tana kallon bango, leɓenta na motsi kamar mai lissafi.

"Tun na farko?"

Ya gyaɗa kai.

"Ranar da ka dawo ka ce min ya yi ƙiba. Ka gan shi?"

Ya girgiza kai. Hawaye ya zubo ta idon da ba ya rufuwa.

"Yana raye?"

Wannan kam ba shi da kan da zai gyaɗa ko ya girgiza. Bai sani ba, bai taɓa sani ba. Ta gane.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta kwance ƙullin zanin, ta ciro wayar da ba ta taɓa rabuwa da jikinta ba shekara tara, ta miƙe ta ɗora ta a kan taga. Ta dawo ta ɗauki murfin tukunyar, man ya riga ya huce, ta jawo hannunsa na dama ta ɗora a cinyarta.

"Miƙo yatsun," ta ce. "Ɗazu ban gama da ƙaramin ba."

Bayan mako biyu ta aiki Malama gidanta, ta ce a ba maƙwabciya katifar da labulen, 'ya'yanta a ƙasa suke kwana. Mai Makulli bai koma rumfa ba, wani mai gyaran waya ne a ciki yanzu, amma har yau in ana kwatance sai a ce wajen Mai Makulli. Ya fara takawa da sanda, daga gado zuwa ƙofa, Yaya na riƙe da gwiwar hannunsa tana yi masa faɗa in ya ja ƙafa.

Ran ɗaya ga watan da ya biyo, da safe, ya jingina wayarsa da filo. Bai san dalili ba, hannun ne ya saba. Ta gane shi nan take, ba gardama. Ya tura. Wayar Yaya ta yi ƙara sau biyu a kan taga, Yaya tana zaune taku uku daga wurin tana tsince wake a faranti. Hannunta ya tsaya cak, sannan ya ci gaba.